Kar-ya-fashe Ya Kewaye Tudu

To, rubuta yadda na faɗa, kar ka yi masa kwalliya.

Kar-ya-fashe ake ce masa. Sunan yankansa ya ɓata tun tuni, shi kansa in an kira shi da shi sai ya waiga ya ga da wa ake. Sana'arsa ƙwai. Ya bi ƙauyukan da ke bayan duwatsu, can cikin kurmi, ya tattaro, ya ɗaure kiret kan kiret a kariyar kekensa, ya gangaro da su kasuwa. Shekara arba'in yana wannan. Kullum in zai fita matarsa ta ce, "A dawo lafiya, kar ya fashe." Unguwa ta ji, suna ya bi shi.

Keken baƙi ne, nauyi kamar ƙofar ƙarfe. Ƙararrawarsa ta mutu tun 'ya'yansa na ƙanana, sai dai ya yi gyaran murya a ba shi hanya. Hanyoyin can kuwa ba kwalta, jar tsakuwa ce zalla, mai gudu a ƙarƙashin taya. Shi ba ya auna hanya da nisa, da ƙwai yake aunawa. Ka tambaye shi ta bakin rafi, ya ce, "Mai kirki ce, ba ta cin ko ɗaya." Ta wajen masu yankan katako fa? "Tana cin biyu, da damina uku." In ka ce ta babban tudu, sai ya kama baki. "Wannan rabin kiret take lashewa, ko godiya babu." Sau ɗaya ya bi ta da kaya, yana saurayi, bai sake ba.

Yana da dabararsa. In ya zo bakin gangare sai ya sauka, ya danna bawul, ya sace wa taya iska, tsss, yana matsawa da babban yatsa har ta yi laushi kamar kumatun jariri. Taya mai laushi rungumar tsakuwa take yi, ƙwai ba ya jin jijjiga. In ya kai ƙasa ya zaro famfo ya mayar mata da iskarta.

Ana nan, tsufa ya zo. Wata rana gwiwa ta ƙi shi a kwana, ya kwanta cikin rami, keke a kansa. Ƙwai bai fashe ba, shi ne ya goge goshi. Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, Likita yake ce mata don tsokana. Ta wanke ciwon. Da ta gama sai ta sa aka kawo tsani, aka rataye keken a azarar sito, sama da buhunan dusa.

"Ya yi ritaya, Baba. Kai ma haka."

Wata bakwai keken yana lilo a sama. Kar-ya-fashe kullum sai ya ƙirƙiri abin ɗaukowa a sito, ya tsaya ya juya tayar baya da sanda, wai kar ta manta.

Sai ga baƙi daga birni, su huɗu, a kan wasu kekuna sirara da za ka ɗaga da yatsa biyu. Wandunansu sun kama jiki kamar da fenti aka shafa, kowa da hular kwano. Shugabarsu wata doguwa ce mai gilashi. Ƙungiyarsu ta masu hawan keke a tsakuwa, mutum hamsin, za ta zo ranar Asabar, suna neman wanda ya san daji ya bi ya zana musu kibiya a jikin itatuwa da duwatsu, kar wani ya ɓata. Mai faci na bakin kasuwa, abokin wasan Kar-ya-fashe, ya ce, "Akwai wani tsoho, hanya ɗaya ce bai sani ba, ta zaman gida."

Aka yi ta roƙon Likita ta bari a sauko masa da keken. Daga ƙarshe ta ce, "Kwana uku. In ya zo gangare ya sauka ya tura. Asabar da yamma keke ya koma sama."

Mai gilashi ta shimfiɗa takarda a tsakar gida, ta ja layi da jan biro: daga gada, a ratsa kurmi, a haye babban tudu, a gangaro ta bayansa. Ta ba shi gwangwanin fenti da buroshi. Ya ce to.

Da ya isa gindin tudun ya ɗaga kai, sai tausayi ya kama shi. 'Ya'yan mutane! Sirara haka, ko kariya babu a kekensu, a ce su hau wannan? Yarinyar ba ta san wurin ba ne, takarda ba ta nuna mata wahala. Sai ya karkata buroshi hagu. Ya zana musu hanyarsa ta shekara arba'in: ta bakin rafi, ta inuwar manyan itatuwa, ta bayan gonar mai zuma, shimfiɗe lumui, ko tuntuɓe babu. Ya dawo gida fenti har gemu, yana ce wa matarsa, "Yau na ceci rai hamsin."

Asabar ta zo. Tafiyar da aka ce za ta kai su azahar, kafin hantsi ya yi zafi sun dawo gada, rigunansu a bushe, suna kallon juna. Mai gilashi ta nufo shi.

"Baba, ina tudun?"

"Yana nan inda yake, 'yata. Na kewaye muku shi."

"Kewaye? Baba, shi muka zo hawa! Wasu tun jiya suka kamo hanya saboda shi."

"Me kuka ajiye a samansa?"

"Ba komai."

"Akwai mai jiranku a can?"

"Babu. Hawa kawai, mu sauko."

Ya dube ta, ya dubi sauran, duk da hankalinsu, har da mai furfura. Mai faci kuwa ya riƙe ciki don dariya. "Ka ga! An ba ka baƙi ka wahalar, ka je ka yi musu gata. Ƙwai ka ɗauke su?"

Kunya ta rufe shi. Mai gilashi ta ce ba komai, rana ba ta yi nisa ba, ya shige gaba ya nuna musu mashigar tudun, tunda babu kibiya a can. Likita, da ke tsaye da akwatin magani ko wani zai faɗi, ta ce, "A'a. Aikinsa ya ƙare. A kawo keken."

Nan ya damƙe hannun keken. In keken nan ya koma azara yau, da wannan dariyar zai koma, kuma ba zai sake saukowa ba.

"Likita," ya ce, "ɗaura mini kiret ɗaya. In hau, in gangaro. In ko ɗaya ya fashe, ni zan riƙe miki tsani."

Ta yi lissafi. Tun tana yarinya take jin tudun nan rabin kiret yake ci. Kuma ta san da ƙwai a bayansa ba zai yi gudu ba ko zaki ne ya biyo shi. Ta ce, "Na yarda." Matarsa ta kawo kiret cike, ta ɗaure da kanta, ta ce abin da ta saba cewa.

Hawa kam, tura abinsa ya yi, kamar yadda mai hankali ke yi. Su suna miƙe a kan feda suna nishi, harshe waje, wai daɗi suke ji. Shi ne na ƙarshe. A sama ya tarar da su suna ɗaukar hoto. Ya jingine keke, tsss, gaba da baya. Mai gilashi ta tsugunna ta liƙa wani ɗan agogon awon iska a bawul ɗinsa, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, da me ka auna? Daidai da abin da muke sawa!"

Ya nuna mata babban yatsa. "Wannan ba ya cin batir."

Suka zubo ƙasa kamar an kwance awaki, ƙura ta tashi. Shi ya bari ta kwanta. Sannan ya hau. Birkin baya a hankali, na gaba ko taɓawa. Inda ruwa ya wanke tsakuwa ya bi gefe, inda saiwa ta ratsa hanya ya ɗaga jiki daga sirdi. Iska tana kaɗa masa riga, gwiwar ma ta manta da kanta. A kwana ta ƙarshe, dab da gada, ya ji wani ɗan ƙas a bayansa. Ƙarami ƙwarai. Amma ya ji.

Ya iso, ana tafi, mai faci yana buga gwangwani. Likita ta zo za ta kwance igiya. Ya ce, "Kar ki wahala. Layi na biyu, na gefen hagu. Ya tsage."

Ta duba. Shi ne kuwa, tsaga kamar silin gashi. Ashirin da tara lafiya lau.

Sai matarsa ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwan, ta juya shi a rana. "Af! Wannan ai na kazar maƙwabta ne, na cika kiret da shi. Kazar da ba ta ƙoshi, ɓawonta kamar takarda. Ba ya cikin lissafi."

"Inna!"

"Ni na ɗaure kayan, ko ke?"

Likita ta dubi uwarta, ta dubi ubanta da busasshen fenti a gemu, dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Ta bakin rafi kawai. Tudun nan kun yi sallama. Kuma da hular kwano."

"Da ma me na ajiye a samansa?" in ji shi.

Mai gilashi ta cire tata hular ta ba shi. Kibiyoyinsa ma ba a goge ba. Masu furfurar cikinsu suka ce su a bar musu wannan, in sun dawo ita za su bi.

Har yau in ka fita da safe za ka gan shi ta bakin rafi, yana gyaran murya a ba shi hanya. Hular tana kansa har ya wuce ƙofar asibiti. Daga nan sai ta koma hannun keke, ya shimfiɗa mata dusa a ciki. Ƙwai shida take ɗauka, ya ce, kuma ba ta taɓa cin ko ɗaya ba.