Mati Shanya da Jirgin da Aka Tsamo a Gulbi

A wani ƙauye kusa da Maska, zamanin da fatake ke ratsowa da jakuna suna sayen baƙin rini, an yi wani manomi, Mati, wanda kowa ke kira Mati Shanya. Mutumin kirki ne, ba faɗa, ba riƙo. Aibinsa ɗaya: ya yi imani babu abin da rana ba ta gyarawa. Dawa, kuɓewa, tabarma, har baƙo in ya yi tari, sai Mati ya ce a shimfiɗa masa a rana. Kuma gaskiya rumbunsa bai taɓa yin fumfuna ba, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan.

Gonarsa ta auduga tana hayin gulbi. Da rani gulbin yashi ne, ko akuya sai ta ratsa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, daidai lokacin da ciyawa ke neman haɗiye auduga. Mati bai iya iyo ba. Masu fito, masu ƙetarar da mutane da manyan goruna, ke jan sa kamar kaya, su ma sai ranar da suka ga dama. Saboda haka kowace shekara nomansa a makare yake.

Ana nan sai Shitu, wani masunci da ya zo daga wajen Yawuri ya daɗe a garin, ya ce tsufa ya kama shi, gida zai koma, zai sayar da jirgin da ya sassaƙa da icen maɗaci. Mati ya ce a nuna masa. Shitu ya kai shi bakin wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa, ya nuna ruwa.

"Ina jirgin?"

"Yana ƙasa. Ni na cika shi da duwatsu na nutsar. Haka muke yi da rani a garinmu. Icen jirgi ruwa ne abincinsa, rana ce ke kashe shi."

Mati ya ji an zagi rana a gabansa, amma ya haɗiye. Ya koma gida ya yi shawara da matarsa Barakatu.

Ta ajiye taɓarya ta dube shi. "Maigida, ni fa na ɗauka aikin jirgi shi ne ya zauna bisa ruwa. Wanda ya riga ya koyi kwana a ƙasa za ka saya?"

Jibo, taubashinsa, yana zaure yana ji. Ya ɗaga murya: "Saya, ɗan kawu! In ka nutse ba za ka yi baƙunta ba, jirginka ya san unguwar."

Duk da haka aka taru aka kwashe duwatsun. Jirgi ya taso, baƙi wuluk, sumul, ko ɗigo ba ya shiga. Mati ya ba da jakinsa, shi kaɗai gare shi. Shitu ya hau, ya yi nisa, ya waiwayo yana ihu: "Ka mayar da shi ruwa!"

"Ku ji min mutum," in ji Mati. "Abin da na ba da jakina a kansa in bar shi ya ruɓe? Shi da ba noma ya sani ba, ina zai san ajiya?"

Ya kira gayya, aka cicciɓi jirgi zuwa faƙon da yake shanya dawa. Nan ya bar shi bazara guda, yana juya shi safe da la'asar don ko'ina ya samu rana. Wata rana da azahar aka ji ƙas! Jim kaɗan aka sake ji.

"Maigida, jirginka yana magana," in ji Barakatu.

"Danshi ne ke fita."

"Ina hango kaji ta cikin gefensa fa."

"Ke dai ba ki son ci gaba."

Ruwa ya sauka, auduga ta tsiro, ciyawa ta biyo ta, gulbi ya kawo. Gari ya fito kallo. Mati ya shiga jirgi da fartanya a kafaɗa, Jibo ya tura da doguwar sanda. Ba su yi nisa ba ruwa ya shigo ta tsaga, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, jirgi ya zauna a ƙasa a hankali kamar wanda ya gaji da tafiya.

"Alhamdu lillahi," in ji Jibo, ruwa iya ƙirji. "Mun rako shi gida lafiya."

Aka jawo Mati bakin gaɓa yana tari. Da numfashi ya dawo masa, sai ya girgiza kai ya ce, "Mun yi gaggawa. Bai gama bushewa ba ne."

Barakatu ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Barakatu! Jama'a, ku shanya min shi, ko hankalin zai dawo!"

Masu goruna da suka ji zai daina neman su, sun riga sun yi fushi, suka riƙa ja masa rai har ciyawa ta ci rabonta. Da kaka gulbi ya janye, ya koma yashi. Yanzu ba jirgi ake bukata ba, jaki ake bukata, shi kuwa jaki yana Yawuri. Mati ya ɗauko audugarsa a ka. Bai ma sha wahala ba, ciyawa ta riga ta rage masa nauyin kayan.