Kwalbar da Mama Take Juyawa

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumin 2013, ina da shekara goma sha ɗaya, na baje a ƙasan kicin ɗinmu a unguwar Park Hill, can ƙasar Turawa, da fensira masu launi da wata takarda mai kauri, ina zana furen zoɓo. Zafi ake yi ba na wasa ba. Fankar taga iska mai ɗumi kawai take juyawa, tukwane biyu suna tafasa, gidan duk ya ɗauki ƙamshin citta da kanumfari. Mama ta dawo daga aikin wanki a gidan kula da tsofaffi, ta jingina da firji tana zare takalmi daga ƙafafun da suka kumbura. Ta leƙo abin da nake yi, ta ce, "Ke dai yi sauri, Alhaji mai shago ba zai jira mu ba."

Babanmu yana Kano a lokacin, takardunsa sun ƙi fitowa, don haka Mama ce uwa, ita ce uba. Sayar da zoɓo take haɗawa da aikin wankin. Matan benen da muke zaune su yi waya, ta dafa, ta tace, ta ɗura a robobin ruwan da muka shanye. Ni ce mai wanke robobin, ni ce mai ɓare abarba, ni ce kuma mai kaiwa ƙofa-ƙofa. Ranar da lif ya lalace, kuma ba ya gajiya da lalacewa, sai in hau hawa shida da leda a hannu biyu, in wuce ƙawayena suna tsallen igiya a baranda suna kirana, in ce ina zuwa, alhali na san ba zan zo ba. Farcena kullum ja, har malamarmu ta taɓa tambaya ko ciwo na ji.

Burin Mama ɗaya ne: zoɓonta ya hau kantar shagon Alhaji Isiyaku, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke sayar da kayan abincinmu a unguwar Stapleton. Idan ya shiga can, za ta iya rage kwanakin wanki ta huta da tsayuwa. Ya ɗanɗana, ya yaba, amma ya ce ba zai jera tsirarar roba a shagonsa ba, sai da kwalba mai kyau da takarda a jikinta mai suna da abin da aka zuba. To a gidanmu ni ce mai zane. Aikin ya faɗo kaina, na kuwa ji kaina ya yi girma.

Ban tsaya neman abin koyi ba, don na daɗe da shi. A tashar da muke jiran bas in za mu St. George akwai shagon giya, tagarsa cike da kwalabe. Mama ko da wasa ba ta duban wajen. Tun daga nesa take juya baya, ta ja mayafi, ta fuskanci titi har bas ta zo. Ni kuwa sai in laɓe a bayanta in yi ta kallo. Ba abin da ke ciki ne ya dame ni ba, takardun jikin kwalaben ne: launin ruwan madara, da siririn zare na zinariya a gefe, da rubutu mai lanƙwasa, da hoton gona a kan tudu, da shekara a ƙasa. A idona nan ne ƙarshen kyau. Haka na yi wa Mama. Na zana furannin zoɓo a cure suna reto daga reshe, na sa gona a baya, na murɗa sunanta, na dangwala 2013 a ƙasa. Da muka je sayen kwalabe, ni na nuna masu duhu masu dogon wuya. Muka buga takardun a laburare, muka manna da gam, Mama ta ɗaga ɗaya ta duba, ba ta ga komai ba sai zoɓonta. Ina za ta gani? Ba ta taɓa tsayawa ta kalli kwalbar giya ba a rayuwarta.

Ranar da muka kai, shagon ya cika da masu sayayyar azumi. Alhaji ko kai bai ɗaga ba, ya ce mu jera da kanmu kusa da dabino. Kwana biyu suka yi a wurin. Wata maƙwabciyarmu da ke aikin jinya a gidajen Turawa, wadda ta sha kwashe irinsu daga kan tebur, ta gani, ta ɗauki hoto, hoton ya zaga wayoyin matan bene. Kafin a sha ruwan farko, magana ta zama matar da mijinta ba ya nan ta fara sayar da giya, kuma a watan azumi. Babu wadda ta buɗe kwalba ta shinshina. Alhaji da kansa ya kawo mana kwalin har ƙofa, yana ta sosa ƙeya. "Hajiya, na san zoɓo ne, wallahi na sani," in ji shi. "Amma mutane ba za su tsaya tambayata ba."

Wayar Mama ta yi shiru a watan da ta saba yin ƙara tun hantsi. A lif mata suka koma amsa gaisuwarta a taƙaice. Da la'asar ranar da aka dawo da kwalin ta zuba ruwan zafi a baho, ta jiƙa kwalaben, ta zauna da bakin azumi tana kankare takardun da cokali. Na tsaya ina jiran faɗa, ko duka ma, da ya fi mini sauƙi. Ba ta da ƙarfinsa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A ina kika ga irin wannan?" Na faɗa mata ina kuka.

Washegari a tashar bas ba ta juya baya ba. Ta matsa gaban tagar nan, ta tsaya tana bin kwalaben da ido ɗaya bayan ɗaya, har bas ta zo ta wuce mu. Ni 'yar fari ce, ko sunana Mama ba ta kira, balle ta yabe ni a gabana. Amma ran nan ta sauke numfashi ta ce, "Naki ya fi nasu kyau." Daga nan ta gyara mayafinta ta koma fuskantar titi.

Zoɓon ya koma robobin ruwa. Wasu matan sun dawo bayan salla, wasu har yau ba su dawo ba, kuma bai sake ganin kantar kowa ba. Mama ta ƙara shekara tara a ɗakin wankin nan, har gwiwoyinta suka ƙi. Na daɗe ina jin cewa ni na ɗora mata waɗannan shekarun da fensirina, kuma ban gama daina ji ba.

Yanzu zanen takardun jikin kaya shi ne abincina. Kullum ina tsallaka ruwa zuwa Manhattan, in wuni gaban kwamfuta ina gyara launi ga mutanen da ba su san me suke so ba, in dawo idona yana zafi. Ban ƙara zana wani abu da zuciya ɗaya kamar ranar Asabar ɗin nan ba. Kwalba ɗaya ce Mama ba ta kankare ba. Tana kan firji, babu komai a ciki, jan furen ya koɗe. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta juya takardar ta fuskanci bango kafin ta buɗe. Baƙi suna fita, tun kafin ta kwashe kofuna, sai ta je ta juyo da ita.