Maginin da Shaddarsa Ba Ta Cika

Duk ƙauyen nan babu wanda ya san ƙasa kamar Baba Magini. Abin da ya sani shi ne laka tana gajiyar da hannu, rairayi kuwa sai ka ce tonon gari. Saboda haka tun yana saurayi yake haƙa wa mutane shadda a rairayi, kuma ana yabonsa don raminsa ba ya cika. Babu wanda ya taɓa tambayar inda ƙazantar take tafiya.

Da 'yarsa ta yi gida, ya haƙa mata kyauta, a tudu, sama da rijiyarta. Ta haihu, tana dama wa jaririyar madara da ruwan rijiyar, sai leɓen jaririyar ya fara yin shuɗi. A asibiti aka ce a kawo ruwan. Baba ya kai shi a kwalba, duba-gari ya auna, ya ce akwai naitiret a ciki, sinadarin da ke tsiyayowa daga shadda, kuma rairayi ba ya tare shi.

Baba ya ɗaga kwalbar a rana, ransa a ɓace. "Kai yaro, dubi ruwa garau kamar hawaye!"

"To sha mana, Baba," in ji 'yar.

Ya ce yanzu ya sha shayi.

Jaririya ta tsira da ƙyar. Aka rufe rijiya, uwar ta koma ɗauko ruwa daga nesa da goyo a baya. A makon nan makarantar ƙauyen ta ba Baba aikin shadda.