Sun raba littafin Malam kashi uku

Jama'a, yau na ga rabon gadon da ban taɓa gani ba!

Wata biyu ke nan ina Shinkafi ina yi wa littattafan marigayi Malam rajista. Ɗazu sai ga ɗiyansa uku. Akwai wani littafin fiƙihu, rubutun hannun kakansu, kowa ya ce nashi ne. Babbansu ya kwance gafakar da littafin ke ciki, ya fara kasa takardun kashi uku!

Na ce, "Alhaji, don Allah! In aka raba shi ba ya karantuwa!"

Ya ce, "Albarka muke so, ba karatu ba."

Ko hoto ba su bari na ɗauka ba. Farkon littafin ya tafi Zurmi, ƙarshensa Kaura, tsakiyarsa ta bi na ukun. Ga ni zaune riƙe da biro. Mi zan rubuta?