Waƙar Japan da Ta Mayar da Ni Gida

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur aka haɗa ni ɗaki da wata 'yar ƙasar, jinin Sinawa. Kwamfuta muke karantawa a wata kwaleji mai zaman kanta. Ba ta da surutu, amma rediyonta mai cin faifai ba ya hutawa, kuma muryar mutum ɗaya yake maimaitawa: wata mawaƙiya 'yar Japan, siririya, mai kaɗa jita. A shekarun nan duk shagon faifan da ka leƙa sai ka ga hotonta.

Da farko haushi take ba ni. Ban san ranar da na fara bin waƙoƙin ba, sai dai na ji bakina yana yi ina wanke-wanke, ba tare da na san ma'anar ko kalma guda ba. Wata rana na tambayi abokiyar ɗakina abin da wata waƙa take cewa. Ta ce yarinya ce take yi wa uwarta ƙarya a waya, tana cewa lafiyarta ƙalau, alhali kewa ta hana ta cin abinci.

Na ce, "Wa ya rubuta mata?"

Ta ce, da irin maganarsu ta 'yan Malesiya, "Ita da kanta lah. Duk waƙoƙinta ita ke rubutawa."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Mawaƙiyar sa'ata ce, ta zauna ta faɗi abin da ke cikinta, har ya zo ya same ni. Abokiyar tawa ta ɗauko tsohuwar jitar wanta daga gidansu ta fara koya mini. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Na haddace waƙoƙin Japan ɗin da kunne, daga baya na fara ɗora musu Hausa, har na kai ga yin tawa, kiɗa da baiti duka.

Akwai wani abokin Abbanmu da yake digirin digirgir a babbar jami'ar da ke Lembah Pantai. A hannunsa aka damƙa ni, matarsa kuwa Anti nake ce mata. Kusan duk Asabar ina gidanta. Mu je kasuwar Chow Kit mu sayo nama da kuɓewa, mu dawo ta tuƙa tuwon shinkafa, in ci har in kasa tashi. Ba na ɓoye mata komai. Don haka wata Asabar na ɗauki jita na hau jirgin ƙasa na kai mata.

Mu biyu ne a falon, na ajiye mayafina. Na yi mata ta Japan ɗaya, ta yi ta dariya. Sannan na yi tawa, wadda na yi wa Ummanmu. Anti ta share ido da bakin zani.

Ta ce, "Kai, 'yar nan! Sake yi in ɗauka, in riƙa kallo in ba kya nan."

Na sake yin duka biyun, ta ɗauka a wayarta.

Ba a yi wata guda ba Abba ya kira ni. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Karatu na tura ki ko roƙo?"

"Abba, a ɗaki ne kawai, ba wanda..."

"Na gani da idona. Kai ba ɗankwali, kina rungume da molo kina yaren da ban san na wane ne ba. Babu maroƙi a zuriyarmu, ba kuwa za a fara daga kanki ba. Ki haɗa kayanki."

Na tafi gidan Anti. Na same ta tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Anti, me na yi miki?"

Ta ce, "Amana aka ba mu. Yau jita, gobe gidan rawa. Muna ganin yadda yaranmu suke lalacewa a garin nan. Nan gaba za ki gode mini."

"Ai kuka kika yi da kika ji."

"Daɗin abu daban, dacewarsa daban."

Abokiyar ɗakina ta kasa ganewa. Sai cewa take, "Waƙa ce fa kawai." Na rasa yadda zan yi mata bayani da Turanci. Na mayar mata da jitar wanta. Mijin Anti ne ya kai ni filin jirgi, yana yi mini nasiha tun daga ƙofar gida har wurin awon kaya.

A Kano na sake fara jami'a daga aji ɗaya, tare da ƙannen ƙawayena. Na gama, na sami aikin ofis, ina yi har yau. Ban sake rubuta ko baiti ɗaya ba. Umma ba ta taɓa jin waƙar da na yi mata ba, domin ta Japan ɗin kaɗai aka tura wa Abba.

Bayan wasu shekaru su Anti suka dawo gida. Muka haɗu a wani suna, tsakar gida cike da mata. Ta riƙo hannuna ta ɗaga murya.

"Kun ga wannan? Ba don Allah ya sa ina Malesiya ba, da yanzu wani labarin ake yi."

Mata suka yi ta sa mata albarka. Umma tana gefe tana kallona, don haka na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na tambaye ta yara.