Sunan da ke kan takardar motar

Shekarun baya, lokacin da ciwon ƙafa ya kama mahaifiyata, sau biyu a mako nake kai ta asibiti daga unguwarmu Gardolé. Duk wanda ya taɓa ɗora tsohuwa mai kumburarrun ƙafafu a bayan kilando, babur ɗin hayar nan, ko ya cusa ta cikin ƙaramar bas da ake zaman mutum huɗu a kujerar uku, ya san abin da nake faɗi. Ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, sai dai in ga ta rintse ido idan an faɗa rami. Abin ya ishe ni, na kwashe ɗan abin da na tara a sana'ar atamfa da turaren wuta, na ce mota zan saya ko da tsohuwa ce.

Wata ƙawata ta haɗa ni da wani dattijo a unguwar Moursal mai neman sayar da mota. Bahaushe ne irinmu, kakanninsa ma irin nawa ne, masu niyyar Makka da tafiya ta tsaya musu a nan. Kafin mu kai ga maganar mota har mun gano kakarsa da tawa unguwa ɗaya suka zauna. A garin da sai ka shiga gida kake jin Hausa, wannan kaɗai ya isa ya sa na saki jiki.

Ni kuwa a ganina ba a haifi mai cutata ba. Da rana tsaka na je, da ƙawar tawa da ƙanena da makanike. Aka buɗe inji, aka shiga ƙarƙashi, aka tuƙa ta har unguwar Milezi aka dawo, ina ta yi wa ƙawata bayanin yadda masu wayo ke sayen mota. Sai da muka zo kan takardu na ga sunan da ke kan kartigiris, takardar mallakar motar, ba nasa ba ne. Ya ce ta ƙaninsa ce, yana Kano wajen kasuwanci, shi ya bar masa sallahun sayarwa. Ƙanena ya zungure ni ya ce a kira mai ita a waya mu ji daga bakinsa. Na harare shi. Mutumin da ke ce min 'yata, wanda ya sa aka kawo mana shayi, shi zan nuna wa ban yarda da maganarsa ba? Kunya ta hana ni. Aka rubuta takardar ciniki, na karɓi makulli.

Na sa aka sake mata fenti, aka wanke kujerun tas, na turara ta da turaren da na fi ji da shi. Wata uku Inna ta yi tana zama a gaba ta miƙe ƙafa. In mun taso daga asibiti sai ta ce wa ƙanena ya bi da ita ta bakin kogi ta ga ruwa. Ban taɓa jin na yi wani abin kirki a rayuwata kamar a watannin nan ba.

Wata safiya wata mata ta yi sallama a ƙofar gidanmu, da 'yan mata biyu a bayanta. Ba za ta kai shekaruna ba, amma duk ta rame. Ta ce motar da ke waje ta mijinta ce, kuma mijin ya rasu. Da yake gidansu ba fili, a wajen wansa, wato dattijon nan, aka ajiye ta. Ita tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa ko'ina ba, a nan aka sayar. Da ta fita aka yi ta ce mata tana gareji. A ƙofar asibiti ta ga lambar, ta hau kilando ta biyo mu har ta ga gidan.

Ina da saurin fushi, kuma ranar na nuna hali. Na ɗaga murya na ce da gumina na saya, ga takarda ga shaidu, ta je ta nemi wanda ya cuce ta. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce abu ɗaya take roƙo, in bari ta ɗan zauna a ciki. Na buɗe mata a fusace. Ta zauna a kujerar gaba, ta ja numfashi, sannan ta ce, “Yaya, har ƙamshinsa kun wanke.”

Ban san Inna ta dogara sandarta ta fito ba sai da na ji muryarta a bayana.

“Ba ta makullin.”

“Inna, asibitin fa?”

“Kayan marayu ne. Ko kin riƙe ta ni ba zan ƙara shiga ba. Kalas, magana ta ƙare.”

Dattawan unguwa sun zauna daga baya, liman ya ce gado ne da ba a raba ba, cinikin bai yiwu ba. Dattijon nawa kuwa tuni ya ƙetare iyaka zuwa Kousseri, har yau ban sake ganinsa ba, kuma ko sisi bai dawo hannuna ba. Muka koma hawan kilando da bas. Wata bakwai bayan nan Allah ya yi wa Inna rasuwa. Matar nan ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni muka yi kukanmu tare.

Yanzu duk wanda ya ce min zai sayi mota a hannun wani, ina gaya masa ya duba inji, amma ya fara duba suna. Idan sunan da ke kan takarda ba na mai sayarwa ba ne, sai ka ga mai ita ido da ido, ko da babanka ne ya kawo cinikin. Na daɗe da daina jin zafin kuɗin. Abin da bai bar ni ba shi ne, kiran waya ɗaya ne na ji kunyar a yi, kuma ba ni ce na ɗanɗana kuɗarsa ba. Inna ce ta yi wata bakwai na ƙarshen rayuwarta ana jijjiga ta a bayan babur, ba ta taɓa ce min laifina ba ne.