Tuwon Farko Bayan Yunwa

Duk ranar Layya ni ake miƙo wa kayan ciki. Matan gidan nan toshe hanci suke yi, ni kuwa warin tumbi bai dame ni ba. Da na fasa shi, ciyawar nan ta zubo da ɗuminta, sai in ga kakata tsugune a gindin aduwa, a ƙauyenmu da ke arewa da Gangara, hannuwanta dumu-dumu.

A wurinta na koyi hanyar abinci. Ba ta da yawan magana, yatsana take kamawa ta bi da shi. Ga maƙogwaro. Ga tumbi, inda abinci ke jiƙa ya damu. Ga hanta, da matsarmama manne a jikinta, ƴar jakar ɗaci wadda in ta fashe nama ya ɓaci. Sai hanji siriri, dogo kamar igiyar guga, inda jiki ke tsotse amfanin abin da aka ci. Daga ƙarshe mai kaurin, inda ruwa ke janyewa, tarkace ya fita. Ta ce na mutum ma haka yake, sai dai tumbinmu ɗaki ɗaya ne.

Ina ƴar yarinya aka yi shekarar da ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, muka koma cin anza, ƴaƴan itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu. Ƙanwata, da ba a daɗe da yaye ta ba, ta yi kuka har ta daina. Gashinta ya yi ja. Kwance take wuni a tabarma, ƙuda na sauka a bakinta, ba ta kora.

Wata safiya Baba ya dawo daga Tanut da rabin buhun hatsi a kan jaki. Ranar kuma Kaka za ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, kwana uku. Ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta ta ce wa Inna, “Kada ki ba yarinyar nan tuwo. Kunu tsararo, ludayi ɗaya, a jira, a ƙara. Cikinta ya bushe kamar salkar da aka rataye. In kika ɗura mata ruwa gaba ɗaya, tsagewa za ta yi.” Ta juyo gare ni. “Ke kuma, idonki a kanta.”

Inna ta yi daka, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka. Ƙamshin ya cika gidan har jiri ya ɗebe ni. Na ga ta ɗora yarinyar a cinya ta gutsuro loma.

Na ce, “Inna, Kaka ta ce kunu.”

Ta ce, “Kaka ce ta haife ta? Wata nawa ina kallon ta tana haɗiyar ɗaci? Ci naki.”

Na ci nawa. Ku ji da kyau, ban sake cewa komai ba, don bakina cike yake. Ƙanwata ta ci, ta miƙa hannu, aka ƙara mata. Har murmushi ta yi. Washegari ma haka. A rana ta uku ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya yi tauri kamar ƙwarya, numfashinta na fita sama-sama. Kafin la'asar ta cika.

Kaka ta dawo ta tarar an kai ta. Ta leƙa tukunya, ta dubi Inna, ta dube ni. Inna ta yi tsawon rai bayan haka, kuma har ta rasu ba mu taɓa yin zancen ba.

Yanzu jikata tana aiki a gidan likita. Ta nuna mini hoton cikin mutum a wayarta, duk an yi masa launi. Na sa yatsa na bi hanyar daga sama har ƙasa, ban ɓata ba. Ta ce yaran da yunwa ta kama, madara ta musamman suke fara ba su kaɗan-kaɗan, don in abinci ya yi wa jiki yawa lokaci ɗaya, zuciya ce ke gazawa.

Ta ce, “Ke tsohuwa, da ba ki taka lakkwal kin yi boko ba, wa ya koya miki?”

Na ce ta matsa, tana tare mini haske.

Makon jiya ɗan autan surukata ya tashi daga doguwar jinya, duk haƙarƙari a waje. Uwar ta cika masa kwano da tuwo. Na ɗauke kwanon, na dama kunu. Ina ji tana gaya wa maƙwabciya ta kan zana cewa rowata ta kai har kan marar lafiya. Na ba shi ludayi ɗaya na ajiye. Yana kuka, yana miƙo hannu. Ina zaune, idona a kansa.